Ƙanzon Gidan Malam

Jikana ne ya tono mini wannan zance, ba ni na neme shi ba. Ya zo gaishe ni ran nan fuska ba walwala, ya zauna bakin tabarma yana ta juya hula a hannu. Malamin makaranta ne a Gusau, da matarsa da 'ya'yansa, kuma ya shiga abin da suke kira digiri na uku, wai shi ne ƙarshen karatun boko. Bai tare a jami'ar ba. Yana koyarwarsa, in ya sami sarari ya je ya yi karatu ya komo. To ya nemi tallafin da ake ba masu irin wannan karatu, aka ce masa na waɗanda suka ajiye komai suka zauna can ne, mai zuwa yana komowa ba shi da rabo.

Ya ce, "Kaka, yaya zan ajiye komai? Yaran in ajiye su ina?"

Sai dariya ta ƙwace mini, har ya ji haushi. Ba shi nake wa ba. Ashe abin nan yana nan da ransa har yau! Na tambaye shi ko uwarsa tana cin ƙanzo. Ya ce ko warinsa ba ta so, kuma ita ma ba ta san dalili ba. Na ce to gyara zama, ni na sani.

Lokacin ana haƙar hanyar jirgin ƙasa za ta iso Gusau, ana ta ɗibar maza ana kai su aikin. Har ƙanena an tafi da shi, shi ne kuwa mai taimaka mini a gona tun rasuwar mahaifinmu. Ina zaune Kekun Waje ta ƙasar Bungudu da matata da 'ya'ya uku. Babban namiji ne, bai isa riƙe hauya ba. Ta tsakiya ita ce uwar wannan jikan, ba a daɗe da yaye ta ba. Sai na goye.

Karatu kuwa na yi shi wurin limamin garinmu har ya ce abin da ke kansa ya ƙare, ya tura ni Gusau wurin wani babban malami, wanda daga nan zan riƙa ce wa Malam kawai. A zauren Malam ƙarshen karatu shi ne tafsiri. Wanda ya karance shi a gabansa daga farko har ƙarshe, Malam yana ji da kunnensa, sai ya naɗa masa rawani ya ba shi izinin karantarwa. In ba ka samu wannan ba, ko gemunka ya kai cibiya ɗalibi kake. Kuma Malam ba ya ba da izini a kan abin da bai ji daga bakinka ba, ko shafi ɗaya ne.

Mu manyan ɗalibansa iri biyu ne. Akwai 'yan zaune, masu kwana a ɗakunan ƙofar gida, galibinsu tuzurai, wanda ya taɓa aure ma ya saki. Sannan akwai 'yan zuwa, mu biyu rak, ni da wani mutumin Ruwan Bore mai tarin 'ya'ya. Mu mukan yi rabin mako a Gusau, mu koma gida mu yi rabi. Abin da aka karanta bayanmu sai mu biya shi gaban Malam bayan la'asar, lokacin da 'yan zaune ke miƙe ƙafa suna hira.

Abincin zauren daga Tsafe yake zuwa. Wani attajiri ne can mai fataucin goro, kowace kaka yakan aiko da jakuna niƙi-niƙi da dawa a cika rumbu guda a gidan Malam. Amma ya kafa sharaɗi: ko tsaba ɗaya ba ta fita daga gidan ɗanya. A daka a nan, a tuƙa a nan, a ci a zaure. Ɗan zaune ke nan an ɗauke masa komai, cikinsa kaɗai gare shi kuma an cika shi safe da yamma. Mu kuwa mukan sa hannu a akushi ranar da muke nan, iyalinmu kuma ko oho.

Da can wannan bai dame ni ba, don Malam kan rufe tafsiri da ruwan shuka, sai an gama girbi a buɗe. Da rani ba wata gonar da ke kirana. Sai a wannan shekara, ana cikin jiran ruwa, ya tara mu ya ce ya yi niyyar hajji, da ƙafa, ayari zai tashi da zarar ruwa ya ɗauke. Saboda haka bana ba hutun damina, za a yi ta karatu a sauke kafin a yanke gero, ya sami sararin shiri da sallamar dangi. 'Yan zaune suka yi ta kabbara. Ni kuwa gonata na tuna. Malam tsoho ne, haƙoransa ma sun zube. Tafiyar da ake shekaru a hanya, kowa a zauren ya san ba dawowa zai yi ba, ba dai a faɗa ne. Wanda bai sauke bana ba, ba zai sauke ba ke nan.

Na koma gida na gaya wa matata. Tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. Mace ce mai baki, Allah ya jiƙanta.

Ta ce, "Maigida, ka leƙa rumbu kuwa?"

Na ce na leƙa.

"To sake leƙawa. Bara ba ta yi kyau ba, haraji ya ci nasa. Abin da ke ciki in an lallaɓa zai kai tsakiyar damina. Da in ya ƙare kai kake zuwa ƙodago gonar mutane a samo na tuwo. Yanzu in kana Gusau rabin mako, wa zai yi ƙodagon? Wa zai nome tamu?"

Na ce Allah yana nan.

Ta ce, "Yana nan mana, wa ya ce ba ya nan? Shi ya ba ka hannu da hauya."

Na ce mata shekaru nawa na yi ina taka wannan hanya, ga shi saura ƙiris. Ta ce ta sani, ita ke wanke mini kaushin ƙafa. Ba ta ce in tafi ba, ba ta ce kada in tafi ba. Washegari dai na tarar ta ɗaure mini gafakata, jakar da nake sa littafi, ta rataye a bakin ƙofa.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka, ita tana binne ina sara, goyo a bayanta. Shuka mai sauƙi ce. Noman firi, wato noman farko, shi ne ya nuna mini iyakata. In tafi Gusau in bar gona fes, in komo in tarar ciyawa ta taso kafaɗa da kafaɗa da gero. In duƙa in yi ta noma kamar mahaukaci, kafin in kai ƙarshen gona ranar komawa ta yi, farkon kuma ya sake rufewa. Na yi tunanin kiran gayya, amma gayya da abinci ake kiranta, ba za ka tara ƙarti a gonarka ka sallame su da addu'a ba. A hanya ina tafe ina biya karatu da ƙarfi, in na zo rafi ya cika in ɗora gafaka a ka in shiga ruwa har ƙirji, tsoron littafin ya fi na raina.

Mutumin Ruwan Bore shi ya fara sarewa. Bari in faɗa a fili, duk zauren ba wanda ya kama ƙafarsa a fahimta, har ni. In Malam ya jefa tambaya aka yi tsit, shi ake waiwaya. Wata rana bayan azahar ya ja ni gefe ya ce shi kam iyakarsa ke nan, ƙaramarsa ta fara kumburin ƙafa. Na ce ya daure. Ya ce, "In daure da cikin wa?" Ya shiga ya yi wa Malam sallama, ya ɗauki gafakarsa ya tafi. Malam ya bi shi da ido har ya ɓace, ranar ba a ƙara karanta komai ba. Da yamma aka kawo tuwo, rabonsa yana cikin akushi, 'yan zaune suka cinye.

Daga nan tsoro ya shige ni sosai, don abin da ya kore shi yana bakin ƙofata. A gida an koma tuwo sau ɗaya, sauran tafasa da rama. 'Yar tsakiyar nan ta daina wasa, sai ta zauna gindin turmi tana tsotsar yatsa, wuyanta ya yi siriri, gashinta ya fara ja. Ni kuwa in na zo Gusau ga malmala manya-manya da miyar kuka har da man shanu wani lokaci. Wallahi sai in kai loma baki in tuna da yarana. Na kusa da ni yana ta zuba santi yana cewa Allah ya saka wa mai rumbu, ni ina jin kamar in kifar da akushin.

Akwai babban ɗalibi mai kula da rumbun, shi ke auna wa mata abin da za a daka. Dogo ne mai tsabta, rigarsa kullum fara ƙal, tun da ba mai goge masa majina a jiki. Na same shi na ce ba ƙari nake nema ba. Abin da zan ci ranar da nake nan, a auna mini shi ɗanye, ni na yarda in yi ta azumi. Kwanakin da ba na nan kuwa ai da sunana ake aunawa, wasu ke cinyewa, to a ba ni shi in kai wa yara.

Ya ce, "Sharaɗi sharaɗi ne. Kai ka zaɓi aure, mu muka zaɓi ilimi."

Kai! Jini ya hau mini ka. Na ce, "Ubanka da ya zaɓi aure ai shi ya sa aka same ka kake riƙe da mudu." Da ba a shiga tsakani ba da an ga abin kunya a ƙofar gidan Malam, manya da gemu suna kokawa.

Malam ya kira ni cikin zaure. Na zaci faɗa zai yi, sai ya sa na faɗi komai. Ya saurara ido rufe. Ya ce hatsin ba nasa ba ne, amana ce, kuma nasa rumbun ya riga ya sayar don guzurin hanya, shi ma daga na ɗalibai yake ci yanzu. In ina so in je Tsafe in roƙi mai abin da bakina, ya yafe mini karatun kwanakin, in na dawo in biya.

Na tafi. Har da kwanakin da ya kamata in yi a gona na kashe a wannan tafiya, kuma tun daga Gusau har na wuce duwatsun Kwatarkwashi lissafin ciyawa nake yi. Na shirya magana mai kyau a hanya, da hujjoji, na yi ta maimaitawa.

Attajirin dattijo ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya sa aka shimfiɗa mini buzu, aka kawo fura mai kauri. Na sha, ina sha ina jin haushin kaina. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce littafi ɗaya muke karantawa da 'yan zaune, gaban malami ɗaya, ba a rage mini ko harafi don ina da iyali. Su an ɗauke musu dukan nauyinsu, ni ba a ɗauke mini ko kwata ba, alhali nawa ya fi nasu.

Ya ce, "Ɗana, na ji ka. Amma ni ilimi nake ciyarwa, ba gidaje ba. Na taɓa bayarwa ɗanye. Wani ya sayar ya sayi riga, wani ya ƙara aure da shi, karatun kuma ba su gama ba. Abin da aka tuƙa aka ci a zaure na san inda ya tafi. Ka kai matarka da yara gidan iyayenta, ka tare wurin Malam ka ci ka ƙoshi."

Na ce, "Baba, iyayenta tsofaffi ne, su ma mu suke kallo. In na watsar da 'ya'yana na zauna ina fassara maganar Allah, da wane baki zan fassara inda aka yi zancen haƙƙin iyali?"

Ya yi murmushi ya ce wannan tsakanina da Malam ne, shi ba malami ba ne. In ya buɗe mini ƙofa, baɗi duk zauren za su yi aure su kawo masa. Ya sa aka kawo mini tuwon shinkafa da nama, ya tsare ni sai na ci. Har a nan ma dafaffe! Da zan tafi ya ba ni goro. Na fito ciki cike, hannu wofi, ban taɓa jin ƙoshi mai ɗaci irin wannan ba.

Na koma Gusau da niyyar in yi wa Malam sallama kamar yadda abokina ya yi. Na iso da hantsi ana cikin karatu, na zauna baya, ban ji ko kalma ɗaya ba. Da aka tashi ina neman yadda zan fara, sai na ji murya daga ƙofar cikin gida.

"Kai mai ɗiya! Zo nan."

Matar Malam ce, tsohuwa, dukanmu Inna muke ce mata. Madafarta tana jikin bangon zaure, ba abin da ake faɗa ba ta ji ba. Na je na durƙusa. Ta turo mini wani tsohon burgami da ƙafa, jakar fatar akuya, a cike.

Ta ce, "Kwashe mini wannan ƙanzon. Awaki an sayar, ba mai ci, kaji sai ɓata mini tsakar gida suke yi a kansa."

Na buɗe. Ƙanzo ne, ɓawon tuwon da ke kamawa a gindin tukunya, an kankare an shanya ya bushe ƙarau. Na buɗe baki zan yi godiya ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, aiki gare ni."

Na ɗauka, amma hankalina bai kwanta ba. Ni ɗalibin fikihu ne, ga shi jiya-jiya mai abu ya ce mini a'a da bakinsa. In kai wa 'ya'yana haram? Bayan la'asar da na zo biyan karatu na ajiye burgamin gaban Malam na tambaye shi. Ya leƙa ciki, ya ɗauki ɓallin guda ya jujjuya.

Ya ce, "Me mai hatsi ya ce? A daka a nan. An daka?"

Na ce an daka.

"A tuƙa a nan, a ci tuwo a zaure. An tuƙa, an ci. Wannan kuwa tun da aka fara awaki ake ba, ya sani, kuma bai taɓa tambayata a wane gari awakin ke kwana ba. Buɗe littafinka, ana binka karatu da yawa."

Da na kai gida matata ta zazzage ƙanzon a ƙwarya ta tsaya tana kallo. Ta jiƙa kaɗan da ruwan zafi, ta marmasa ɗan ƙuli-ƙuli da gishiri. Yaran suka yi masa rubdugu. 'Yar tsakiyar har da lashe ƙwarya, ta ɗago fuska duk ta ɓaci tana dariya, rabon da in ga haƙoranta an daɗe. Na fita bayan gida na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Daga nan kowace komawa da burgamina. Sai kuma na lura da wani abu. Ƙanzon yana ƙara kauri. Na farko kamar ganye yake, na baya ya kai kaurin yatsa. Tuwon zaure kuma ya fara ƙauri, malmalar tana raguwa. Inna da ta shekara da shekaru tana tuƙi ba a taɓa jin tuwonta ya kama ba, yanzu kullum sai ya kama. Ana cewa tana zuga wuta ta bar tukunya ta tafi alwala.

'Yan zaune suka fara gunaguni. Babban ɗalibin ba wawa ba ne, yana ganin mudun da yake aunawa, yana ganin abin da ke fitowa, yana ganin burgamina. Wata rana muna ci ya ɗaga loma ya shinshina ya ce da ƙarfi, "Wannan ƙauri kam har Tsafe za a ji shi." Yana faɗa yana kallona. In magana ta kai Tsafe ba ni kaɗai zan sha ba. Mai rumbu zai iya cewa an ci amanarsa, sunan Malam ya ɓaci a ƙarshen zamansa, tsohuwa ta ji kunya saboda ni. Tun daga ranar duk jakin da na ga ya tsaya a ƙofar gida sai in ɗauka daga Tsafe yake. Ga karatun da ake bina, ga gona da ko maimai, noma na biyu, ban gama ba mutane sun ajiye hauya, ga wannan. Na rame har wandona sai da na ƙara masa ƙulli.

Babban ɗalibin ya kai ƙara wurin Malam, a gabanmu. Malam yana cin nasa tuwon, mai ƙaurin nan, yana mamula da dasashi. Ya ce, "Ƙauri? Hancina ya tsufa, ban ji ba. Matar nan ma ta tsufa. In akwai mai mata a cikinku ya kawo ta ta karɓe ta." Aka yi dariya, wanda ya kawo ƙarar bai yi ba. Ko ya aika Tsafe ko bai aika ba, har yau ban sani ba. Na dai ci gaba da kwana da fargaba ina tashi da ita.

A haka muka kai ƙarshe. Na biya bashin karatuna na ƙarshe ana gobe sauka, muryata ta dushe, Malam yana gyangyaɗi yana farkawa yana gyara mini. Da na rufe littafin ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ranar sauka an yi taro. Attajirin ya zo daga Tsafe da sa, aka yanka. Ina ganinsa na sunkuyar da kai, ina jiran a kira ni. Ba a kira ni ba. Matan unguwa ne suka taru suka yi tuƙin ranar, tuwo ya fito fari sol ba ƙauri ko kaɗan, ya ci ya yaba. Da aka zo naɗi Malam ya naɗa mana ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Attajirin ya gane ni, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gani? Ga shi ka gama ba a karya sharaɗi ba." Na ce haka ne, Baba. Me zan ce?

Mutumin Ruwan Bore ya zo. Na hango shi a bayan taro da hular noma, tsaye cikin masu kallo. Ya matso ya yi mini barka, ya shafa rawanin ya ce ya yi mini kyau. Na tambayi ƙaramarsa, ya ce ta tashi, alhamdu lillahi. Bai jira rabon nama ba, ya ce akwai aiki a gona. Har ya mutu manomi ne, yara na ce masa ɗalibi. Wannan abu yana ci mini rai har gobe. Mutumin da ya fi mu duka, ba ƙwaƙwalwa ta kayar da shi ba, ba lalaci ba, 'ya'ya ya haifa kawai. Tukunyar Inna kuwa ko da ta fara kamawa da wuri, gida ɗaya za ta iya riƙewa.

Da yamma na je yi wa Inna sallama. Ta miƙo mini burgamin a ninke, ba komai ciki. Ta ce matan da suka yi tuƙi kowace ta kankare tukunyarta ta tafi da abinta, ita kuma daga yau ta sauke tukunyar zaure, shirin hanya za ta shiga. Ɗan naman da aka ba ni na ci a wurin, don shi ma a zaure aka ce a ci. Ta ce in gaida mai ɗakina. Ban sake ganinta ba, ba ita ba Malam.

Na kwana, da safe na kama hanya da rawani a ka. Duk wanda na gamu da shi sai ya rusuna ya ce Allah ya gafarta Malam, ni da jiya ba mai kallona. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Geron mutane ya nuna, har wasu sun fara girbi. Da na zo tawa gonar na tsaya. Karan sirara, zangarniya 'yan ƙanana ko ido ba su gama cikawa ba, ciyawa har gwiwa. Da sauran lokaci kafin a ci wannan, kuma ko an ci ba zai kai ko'ina ba.

Ina shiga gida 'yar tsakiyar ta taho da gudu. Na durƙusa don ta ga rawanin. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zagaya bayana ta kama burgamin, ta ja shi ƙasa, ta zura hannu har kafaɗa. Ta lalube, ta fito da hannun, ta sake zurawa. Ta juye shi ta kakkaɓe, ɗan gari ya zubo, ta dangwala da yatsa ta lasa. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta fara kuka.

Matata tana bakin murhu, ta riga ta ɗora ruwan zafi tun da ta ji sallamata. Ta dubi burgamin a ƙasa, ta dubi rawanin da ke kaina.

Ta ce, "Barka da sauka, Malam. Shi wannan ana jiƙa shi?"

Ta faɗa da wasa ne, amma idonta ya cika. Ta sauke ruwan, ta ɗauki yarinyar ta shige ɗaki da ita tana rarrashi. Ni na tsaya tsakar gida da rawani, ban san inda zan sa kaina ba.

Washegari na warware shi na ninke, na sa a tukunyar tufafi na rufe. Na ɗauki magirbi na tafi gonar mai unguwa, inda ake girbi ana biya da dami.